Sana'ar da Ake Ɓoyewa Ranar Rubuta Suna

A ƙauyukan da ke tsakanin Malbaza da Dogerawa, har a miƙe zuwa Tajaye da Badagishiri, labarin masu rubuta suna yana riga motarsu isowa. Kafin ƙurar motar proje ta lafa a ƙofar maigari, gari ya riga ya kimtsa. Awakin da ke turke sun koma gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Babur ɗin da ake kabu-kabu da shi an jingine shi bayan rumbu, an lulluɓe da tsohuwar tabarma. Mai tuyar ƙosai ta kife kaskonta ranar nan, tela ya tura kekensa ƙuryar ɗaki. Idan yaron da ke riƙe da takarda ya tambayi maigida abin da yake yi, amsa ɗaya zai ji daga wannan gida zuwa wancan: "Ba mu da komi, mushe. Zaune muke, sai abin da Allah ya kawo."

Ba kowa ke yin haka ba. Akwai gidajen da in sun ce ba su da komi, gaskiya suka faɗa, har ma sun rage. Amma masu yi sun yi yawan da abin ya daina zama abin kunya. Da yamma a teburin mai shayi ana ba da labarinsa ana dariya. Wanda ya fi iya marairaicewa shi ne gwani, wanda ya faɗi gaskiya aka tsallake sunansa kuwa wawa ne, har matarsa ta yi masa gori. Iyayenmu talauci suke ɓoyewa. Magidanci kan kwana bai sa komi a baki ba, da safe ya saka wankakkiyar rigarsa ya fito zaure yana gaisawa da jama'a fuska a sake, don kada wani ya ji kansa. Rufin asiri suke roƙon Allah dare da rana. Mu kuwa sana'a muke ɓoyewa, guminmu ne ba mu so a gani.

Kafin a yi wa kowa faɗa, sai an warware tambayar da ta haifi wannan ɓoye-ɓoye, domin tambaya ce mai tushe. Mutumin da ke da 'yar sana'ar da yake taɓawa, wadda ba ta ɗauke masa cefanen gida, ya cancanci tallafi ko bai cancanta ba?

Ƙasashen da ke biyan wanda ya rasa aiki kuɗi kowane wata sun daɗe da cin karo da ita, kuma 'yan'uwanmu da ke zaune can sun san yadda aka yanke. A Faransa, wanda aka sallama yana karɓar alawus, in ya samu ɗan aikin wucin gadi ba a yanke masa gaba ɗaya. Kowane ƙarshen wata yana sanar da ofishin masu neman aiki, wanda ake kira France Travail tun farkon 2024, awoyin da ya yi da abin da aka biya shi. Sai a cire kashi 70 cikin ɗari na wannan albashi daga alawus ɗinsa a ba shi saura, kwanakin da ba a biya shi ba kuma a ajiye masa su gaba. A Jamus an yarda ya yi aikin da bai kai awa 15 a mako ba, Yuro 165 na farko a wata nasa ne, abin da ya haura nan ake cirewa. A Ingila kuwa, a kowane fam da mai karɓar tallafi ya samu da hannunsa, kashi 55 cikin ɗari ake rage masa, bayan wani kaso da ake yafe wa masu yara da masu lalura. Lissafin ya bambanta, amma abin da ake gudu ɗaya ne, kada wanda ya tashi ya nema ya koma gida da ƙasa da abin da ya samu wanda ya kwana a shimfiɗa. Sharaɗin ma ɗaya ne, ka faɗi abin da ka samu. Wanda ya yi aiki ya ɓoye, ranar da aka gano zai mayar da kuɗin, a iya ɗora masa tara ko a soke sunansa.

Mu a Nijar ba mu da wannan tsari. Asusun CNSS yana biyan kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki da fansho, amma ba ya biyan mutum don ya rasa aiki. Ma'aikacin da ke da kwantaragi a rubuce, irin na masana'antar siminti ta Malbaza wadda ke nan tun shekarun 1960, in aka sallame shi ba da laifinsa ba, doka ta ba shi kuɗin sallama sau ɗaya, daga nan ya san inda dare ya yi masa. Hukumar ANPE tana rubuta masu neman aiki ta ba su kati, katin kuwa ba ya auno tiya ɗaya ta hatsi. Masu kwantaragin ma nawa ne? Mafi yawan masu cin abinci a gindin masana'antar ba sa cikin littafinta: 'yan dako masu loda buhuna, direbobi da yaran mota, mata masu tuwo da masu fura a bakin titi, masu faci, masu wankin mota. In injin ya tsaya su ne farkon jin yunwa, kuma babu ofishin da za su je su ce an sallame su, tunda ba wanda ya taɓa ɗaukarsu.

Mutanen Ƙonni sun ɗanɗana irin wannan har sau biyu cikin 'yan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake garƙame su bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kafin rufewa ta biyu da wata biyu, Shugaba Tinubu ya cire tallafin man fetur, kasuwar 'yan ruwa-ruwa ta karye. 'Yan canji, 'yan kamasho, 'yan dako, masu kai fasinja Illela ta Najeriya ranar Lahadi, duk suka wayi gari hannu rabbana. Babu wanda ya karɓi ko dala ɗaya da sunan ya rasa aiki. Abin da ya riƙe gidaje a lokacin shi ne ɗan abin da kowa ke taɓawa a gefe, wannan ya koma lambu, wancan ya ɗauki garwa, matar wancan ta ƙara yawan ƙullin da take toyawa.

Abin da muke da shi a madadin alawus shi ne tallafin gajiyayyu. Yunwar 2005 da ta 2010 sun faɗaɗa shi: rabon cimaka kyauta ga gidajen da aka zaɓa, sayar da hatsi da rahusa daga rumbunan OPVN, aikin gandari da ake biya bisa kwanakin da mutum ya yi, sai kuma, tun 2011, shirin gwamnati da Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, wanda ya fara da ba uwargida jikka goma kowane wata har kimanin shekara biyu, kafin a sabunta shi da sunan Wadata Talaka. Jihar Tawa tana cikin waɗanda aka fara da su. A ƙauyukan jihar nan ne ma ƙungiyar Concern ta gwada aika wa mata kuɗin tallafi ta wayar salula a 2010, tun abin bai zama ruwan dare ba.

Kuɗin ba ya isar kowa, don haka dole a zaɓa. Wani lokaci takardar tambayoyi ake cikawa: rufin ɗaki na kwano ne ko na ƙasa, dabbobi nawa, akwai amalanke, baki nawa ake ciyarwa, sannan kwamfuta ta jera gidajen daga na ƙasa zuwa na sama. Wani lokaci kuma taron gari ake kira a kasa gidaje huɗu, masu hali, matsakaita, talakawa, da talaka talak. Ko wace hanya aka bi, a bakin mutum ake jin labarin gidansa.

To a ƙasa irin tamu, wa ye ba shi da aikin gefe? Damina wata uku ce zuwa huɗu, kuma manomin Adar ko na Ƙonni bai taɓa rayuwa da gonar tudu kaɗai ba. Da an ɗaure dami an cika rumbu, ko an ga ba zai cika ba, kowa ya kama gabansa. Wani ya sauka lambunan albasa na Galmi yana ƙwadago, daga dashe zuwa ban ruwa zuwa cira da jera ta a rudu. Wani yana da ɗan fili a fadamar Ƙonni da ake shayarwa daga madatsun Zango da Mozage. Wani ya tafi bida Sakkwato ko Legas ko Abijan ko Libiya, yana aiko da abin da ya samu. Mata suna kiwon ragon layya, suna ƙuli-ƙuli, suna zubin adashi. Ko a cikin gida haka aka gada, ana noma gandu tare, kowa kuma yana da gamanarsa da yake taɓawa bayan an tashi. In aka ce duk mai 'yar sana'a bai cancanta ba, to babu wanda ya rage sai tsohuwar da ba ta iya tashi da majinyacin da ke kwance. Mai ƙosan da ke samun ribar dala hamsin a rana tana da marayu biyar a gabanta mai sana'a ce, kuma mabuƙaciya ce, duka biyun gaskiya ne. Tambayar da ta dace ita ce ko abin da sana'ar ke kawowa ya isa.

Malamanmu na zaure sun amsa wannan tun kafin a haifi Bankin Duniya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda yake da wani abu amma bai kai ya ciyar da shi shekara ba yana cikin masu karɓar zakka, kuma sana'ar da ba ta ɗauke masa buƙatarsa ba ba ta hana a ba shi. A ƙissar Annabi Musa da Halliru cikin Suratul Kahfi, masu jirgin ruwan nan an kira su miskinai, alhali ga jirgi a hannunsu suna aiki da shi. Wanda ya yi nisa har ya karanta Muhtasar na Halilu ya san wani hukuncin da ya fi wannan ban mamaki: mutumin da ya ce shi mabuƙaci ne ana gaskata shi ba tare da shaida ba, sai in akwai abin da ya jawo shakka. A dubi irin amincin da aka ba bakin mutum. An gina wannan hukunci ne a kan jama'ar da harshensu ke nauyi su ce babu alhali akwai. In nauyin nan ya tafi, hukuncin ba shi da inda zai tsaya, sai a koma bincike da leƙen rumbu da ƙidayar kashin awaki a tsakar gida, abin da ke zubar da mutuncin mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya.

Addinin da ya halatta wa mai ƙaramar sana'a karɓa kuma bai taɓa yaba zama ba. Kowane almajiri ya ji labarin mutumin Madina da ya zo roƙo, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka sayar da shimfiɗarsa da ƙwaryarsa, ya umarce shi ya sayi abinci da rabin kuɗin, ya sayi gatari da rabi ya shiga daji itace. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan neman halal da sana'a, ya kuma hori Sarkin Katsina Ummarun Dallaje da ya ƙarfafa masu sana'a a ƙasarsa, manoma da maƙera da maɗinka da marina. Mahaifin Bello, Shehu Usmanu, a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi. Ba daga nesa za a kawo mana wannan karatu ba.

Amma laifi tudu ne, kuma ba zan tsaya a kan na masu motar proje in hango na talaka kaɗai ba. Masu rubuta suna ne suka fara koya wa mutane ƙarya. Mace ta karɓi jikka goma, ta matse bakinta da na 'ya'yanta ta sayi akuya, akuya ta haihu. Bayan shekara wata ƙungiya ta zo da tata takardar, ta ga awaki uku, ta tsallake ta, ta rubuta maƙwabciyarta da ta cinye nata a biki. Wane darasi aka ba matan unguwar? Abin takaicin shi ne shirin gwamnati da kansa so yake a yi sana'a. An gwada ƙara wa matan da ke karɓar tallafi jarin jikka tamanin a dunƙule, tare da horo da ƙungiyar ajiya, kuma binciken da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna sana'o'insu sun bunƙasa, abin da ke shiga gidajensu ya ƙaru. Tun kafin nan ma, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 sun nuna abin da asusun mata ke iya yi. Wato hannun dama yana miƙa jari yana cewa tashi ki nema, na hagu yana riƙe da alƙalami yana jiran ya soke wadda ta tashi.

Sai kuma yadda ake cika takardar. Yaro ɗan birni da aka ɗauka na kwana goma, rana ta yi zafi, ya zauna gindin bedi a ƙofar maigari, duk abin da aka faɗa masa ya rubuta, bai leƙa gida ko ɗaya ba. Kwamitin gari kuwa, a wurare da dama, ƙanen wane ne da surukin wane da ɗan jam'iyyar wane. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun bi ƙauyuka sun rubuta yadda rabon kuɗin nan ke cike da zargi, da yadda mutane ke zagaye ƙa'idojin da aka kawo musu daga waje. A wasu garuruwan, da motar ta juya baya sai a tattara kuɗin a sake raba wa kowa daidai. Ina fahimtar masu yin haka, gudun gaba da hassada suke yi, kuma aƙalla ba su yi wa juna ƙarya ba. Sai dai jikka goma in aka kasa ta gida biyar, ba ta sayen ko ɗan akuya, ta zama kuɗin goro.

Idan talaka ya ga mai shanu a lissafin talaka talak, me zai hana shi ya ɓoye babur ɗinsa? Daga nan ne kalmomin da muke ji suke fitowa. "Ai rabo ne." "Kuɗin Annasara ne, ba na uban kowa ba." "In ba ka ci ba, wani ka ci."

Maganar ƙarshen nan gaskiya ce, kuma ita ce ke kama mai faɗinta. Wani ne zai ci, amma wa? Kowane gari adadi ake yanka masa. A ce an ba gari gurbi arba'in, to arba'in ɗin ne, ko mutum ɗari biyu suka rantse ba su da komi. Duk wanda ya kutsa da ƙarya, wani ya tura waje, kuma wanda ake turawa ba mai baki ba ne. Gwauruwar da ba ta da namijin da zai tsaya mata a taro ce. Tsohon da 'ya'yansa suka tafi bida shekara uku ba aike ba waya ne, wanda har yanzu yake da kunyar da, in an tambaye shi ya ce alhamdu lillahi. Gidan Bafillace ko na Buzu ne da ke bayan gari, waɗanda ba a ma gaya musu ranar taron ba. Annasaran da ake cewa kuɗinsa ne ya riga ya rubuta a littafinsa cewa ya ciyar da gida arba'in, ya kwana lafiya. Tuwon maƙwabciyarka ka ci, kuma gobe za ka haɗu da ita a bakin rijiya ka ce, "Inna, ina kwana, ya ƙarfin jiki?"

Akwai wani nau'in da ya fi wannan muni, na wanda Allah ya riga ya buɗa wa amma bai saki ba. An rubuta shi lokacin yana cikin matsi, daga baya ya samu gadi a wani kamfani, ko ɗansa na Abijan ya fara aiko da kuɗi duk wata, ko albasa ta yi masa kyau shekara biyu a jere, amma ranar biya matarsa tana kan layi da katinta. Maƙwabtanmu sun ga irin wannan a shirin N-Power da gwamnatin Najeriya ta fara a 2016, inda aka riƙa ba matasan da suka gama karatu ba su da aiki naira 30,000 a wata, a tura su makarantu da asibitoci da gonaki. Wasu suna da wani aikin a gefe, ba su taɓa taka ajin da aka tura su ba, kuɗi kuwa yana shiga asusunsu. A 2019 gwamnati ta sanar da korar fiye da 2,000 saboda ƙauracewa wurin aiki. Amma a sanarwar nan ɗin aka ce fiye da 18,000 sun ajiye da kansu don sun samu aiki na dindindin. Wannan adadi na biyu ya fi tsaya mini a rai, don ya nuna masu sakin gurbi ba su ƙare ba, labarinsu ne ba a bayarwa a teburin mai shayi.

Namu salon a aikin gandari yake fitowa. Sunan mutum yana takarda, shi kuwa yana kasuwar Ƙonni ranar Laraba a kan babur ɗinsa, ya tura yaro ɗan shekara goma sha biyu da shebur ya tsaya masa, ko ya shirya da mai kiran suna a raba. Ban ga laifin mai babur ya yi gandari da safe ya yi kabu-kabu da yamma ba, wannan ƙoƙari ne. Laifin shi ne karɓar ladan ramin da bai haƙa ba. Sakamakon yana nan shimfiɗe a kan fako, ramukan rabin-wata da aka kankare sama-sama, wasu ma bakinsu bai fuskanci inda ruwa ke gangarowa ba, ruwan farko ya share su. Baɗi a sake kawo kuɗi a sake haƙa wurin.

Abin da ke ƙara ɓata rai shi ne ƙasar nan ce ta taɓa nuna wa duniya akasin haka. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ya tallafa ya kai wasu manoma 'yan ƙalilan daga Illela ta Adar zuwa Yatenga a Burkina Faso. Suka ga yadda Mosawa ke haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta mutu, su zuba taki, su shuka a ciki. Suka dawo suka gwada a gonakinsu, abin da muke kira tassa. Damina ta 1990 ta zo da fari, gonakin tassa suka ba da hatsi inda na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba wanda ya jira a rubuta sunansa. Maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, har fakon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa, matasa suka samu ƙwadagon haƙa a lokacin rani. Mutanen nan sun karɓi taimako, ba su ƙi ba, amma taimakon ya tarar da su da fartanya a hannu. Tallafi kamar takin da ake zubawa a ramin tassa ne, inda aka riga aka haƙa yake zama, a kan fako kuwa iska ce ke kwashe shi. Da yawa daga cikin masu ɓoye awaki yau jikokin mutanen nan ne.

Ga kuma abin da mai ɓoye sana'a ba ya lissafawa. Ƙarya tana buƙatar a yi ta ciyar da ita. Wanda ya ce ba shi da komi bana, dole baɗi ma a gan shi ba shi da komi. Har an kai ga mutum yana da halin sayen amalanke ko rufa ɗakinsa da kwano, amma yana jinkiri kada a cire shi. Ya daƙile kansa da kansa saboda kuɗin da ba shi da iko a kan zuwansu. Bayan Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da nasu. A Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta tsayar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID. Ba a yi shawara da maigarin kowa ba kafin a yanke. Kaskon ƙosai da keken ɗinki kuwa ba wanda ke iya rufe su daga Washintan. Yaran gida ma suna kallo. Yaron da aka aika ya kora awaki gidan kawunsa kafin baƙi su iso, ya dawo ya ji ubansa yana rantsuwa ba shi da ko kaza, an gama koya masa abin da makarantar allo za ta sha wuyar kankarewa.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka daga Yamai. Masu takarda su sauya tambaya. Maimakon "kana da sana'a?" a tambayi nawa take kawowa, kuma wata nawa hatsin gidan ke kai su kafin a fara awo. A daina yin rabon ko duka ko babu, mai ɗan abin hannu a ba shi rabi, wanda ba shi da komi a ba shi cikakke, yadda faɗin gaskiya ba zai zama asara ba. A faɗa wa mata tun ranar farko, a bainar jama'a, cewa akuyar da aka saya da kuɗin tallafi ba za a ƙirga ta a kansu ba, kuma ƙungiyoyin da ke aiki a gunduma ɗaya su riƙe wannan alkawari tare. A karanta sunaye da babbar murya a dandali, mata suna nan, mutanen ruga da na zango suna nan, masu karɓar ƙorafi kuma kada su fito daga gidan masu zaɓe. Limamai sun san ranar da mota za ta zo kamar yadda kowa ya sani, Juma'ar da ke gabanta ita ce ta huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci da rantsuwar ƙarya.

Wanda kuma ya samu buɗi ya taka har ƙofar maigari ya ce, "Ranka shi daɗe, ni kam Allah ya rufa mini asiri, a ba wance gurbina," kada a bari maganarsa ta mutu a zaure. Gidajen rediyonmu na karkara kullum suna karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawar ginin masallaci da waɗanda suka halarci ɗaurin aure. A karanta nasa shi ma, da sunan garinsu, sau biyu, kuma magajin gari ne ya kamata ya biya kuɗin sanarwar.